Takalmin Taya a Bayan Makara

Kwanan baya ina zaune a shagon aski ina jiran layi, sai talbijin ta nuno wasu Turawa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara daga saman tsauni. Can kuma aka nuno wasu a kan kwalta da allo mai taya, suna tsallake matakala, ana rataya musu lambar girma. Duk 'yan shagon suka saki baki, wani dattijo har yana cewa Bature ba ya tsoron mutuwa. Irin dattijon nan ne suka kira ni ɗan iska lokacin da nake yin wannan abin a titin Unguwar Dosa, ni kuma ba dusar da zan faɗa a kai, sai lambatu.

Zamanin soja ne, acaɓa ba ta cika gari ba tukuna. Na bar sakandare ban yi nisa ba, aka kai ni garejin wani bakanike a Unguwar Shanu. Na daɗe a hannunsa, na sha zagi na sha baƙin mai, har ya ce bayan babbar salla zai yaye ni tare da abokan koyona. Za a yi walima, ya ba kowa akwatin sifana, ya sa masa albarka ya je ya buɗe nasa wurin. A sana'armu in ba a yaye ka ba, ko ka fi kowa sanin inji, yaron wani ne kai, ba mai kawo maka motar kirki. Abin da nake jira ke nan.

Nawa abin zamiyar kuwa takalmi ne mai taya, a dilar gwanjo ya fito. Mai gwanjon bai san kansa ba, ya ce wai na guragun Turai ne. Na karɓa, na canza masa boris, na cika shi da giris. A gangaren Malali na koya, inda manyan ma'aikata suke da kwalta mai santsi. Fatar gwiwata da ta gwiwar hannuna duk a can na bar su. Abin ba shi da birki, sai dai ka karkata ƙafa ɗaya ka ja ta a ƙasa. Da na ƙware sai gangara ta daina isata, na fara kama bayan mota. Ka laɓe a kwana inda direba yake rage gudu, ka cafki ƙarfen baya, ka duƙa, ta ja ka. In ka sake ta, sai ka ji kamar ba ka da nauyi a duniya. A gareji kowa yana da ikon aikena, amma a nan ba mai cewa zo, ba mai cewa tafi.

Dattawan unguwa ba faɗuwata ce ta dame su ba. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne ina wuce majalisarsu a tsaye, na fi kowa tsawo, ban tuɓe takalmi ba, ban tsuguna ba. Takalmi ne mai igiya har ƙwauri, kafin ka kwance shi ka riga ka kai bakin kasuwa. Ina ɗaga hannu ina sallama, ba sa amsawa.

Wata safiya Oga, mai garejin, ya aike ni sayo bel ɗin fanka. Na bar silifas a gareji na ɗaura takalmina. A wata kwana sai ga a-kori-kura mai rumfa, an saki tamfol ta gefe, tana tafiya a hankali. Na fito da gudu na cafke ta na duƙa. Sai da ta miƙe hanya ta kama gangara na ɗaga kai. Ƙafafun mutane na gani jere, a tsakiyarsu makara lulluɓe da tabarma. Na waiwaya, ga motoci a bayana sun jeru da fitilu a kunne, ta farkon hancinta kusan a ɗuwawuna.

Wani mai hula a cikin motar ya cire takalminsa ya hau dukan yatsuna, yana cewa in saki, ɗan iska, gawa ce.

Na ce masa, "Baba, in na saki, gawa biyu za ku kai."

Ya dubi motar da ke bayana, ya dube ni, ya mayar da takalminsa ƙafa. Haka muka tafi har makabarta, su suna salati a ciki, tayoyina suna ƙara a waje.

Da aka tsaya, ban gudu ba. Tun ina yaro aka koya mini cewa wanda ya bi gawa ba ya juyawa sai an rufe ta. Na zauna a bakin ƙofa na kwance takalmin, na shiga ba takalmi a kan ƙasa mai zafi. Na ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, na miƙa itace, na zuba tawa ƙasar kamar kowa, aka yi addu'a na shafa. Ban san ko waye mamacin ba.

Kafin in koma gareji labari ya riga ni. Ashe mamacin mahaifin wani babban ma'aikaci ne a Unguwar Dosa, Alhajin da yake turo wa Oga motocin ofishinsu. Ana ta yawo da magana wai an raka tsohon da ɗan wasa a baya kamar ɗaukar amarya. Oga ya ce in ɗauko takalmin mu je gidan makoki, in durƙusa in ba da haƙuri, shi kuma ya farfasa shi da guduma a gaban jama'a. In ba haka ba in manta da yaye.

Na bi shi, amma hannuna ba komai. Na tuɓe silifas tun daga nesa, na tsuguna a gefen tabarma, na yi gaisuwa, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Alhajin ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Ya tambayi Oga ina abin yake. Oga ya zungure ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san gawa ce ba na kama. Da na sani kuma ban bar ta ba sai da aka rufe. In ranka ya ɓaci, ka yi haƙuri. Amma takalmin ba zan kawo ba."

Wani daga cikin masu zaman makoki ya ce wannan yaron ba shi da uba ne? Na ce ina da shi, shi ya koya mini bin gawa. Oga ya miƙe yana ba da haƙuri a madadina. Muna isa gareji ya ce in cire rigar aikinsa in bar masa wuri. Mahaifina ya je biko, limamin unguwa ya sa baki, duk magana ɗaya ce, in kai takalmin. Na ce a'a. Da a ce zagin gawa na yi, da na kwanta sun taka ni. Amma ba zan tsaya a farfasa mini abu a gaban mutane don a daɗaɗa wa mai kawo motoci ba.

Ba a yaye ni ba. Har yau a bakin titi nake, ina faci ina ɗan taɓa inji, waɗanda na koya wa kwance kafireto suna da gareji da yara. Gwiwoyina in damina ta kama sai da sanda. Masu cewa da na sani su riƙe abinsu, ni ban aike su ba.

Ranar walimar abokaina an kafa rumfa a ƙofar gareji, an dafa shinkafa, an jera akwatunan sifana a kan tebur. Ba a gayyace ni ba. Na ɗaura takalmina, na jira wata tifar yashi a kwanar sama, na kama ta. Da muka zo daidai rumfar na sake ta, na miƙe tsaye, na yi musu sallama da ƙarfi yadda Oga zai ji, na wuce.