Baba Ya Taya Bindiga a Wendover

"Ajiye ta mu tafi," in ji Baba. "Kada ka waiga, zai kira mu."

Muna cikin wani ƙaton shago ne a Wendover, ni da Baba, surukina da ya zo mana ziyara daga Kano. Kurege ya addabi lambun matata a Pleasant Garden, ko tumatir ɗaya bai bar mata ba, har ta ce in ban yi maganinsa ba in manta da miya. Shi ne na fito sayen bindigar iska, ni da ko gwangwani ban taɓa harbi ba.

Raina ya biya da wata mai madubin hange, dala ɗari uku. Baba ya jujjuya ta, ya taya rabi. Ma'aikacin ya yi murmushi, ya nuna masa farashin da ke manne.

Haka muka fito a hankali, kunnuwanmu na baya. Muka kai ƙofa, shiru. Muka kai mota, shiru.

Na ce, "Baba, nan fa ba a ragi."

Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce, "To kai ma da neman suna! Zaki za ka harba? Koma ka ɗauko mai araha. Kurege bai san kuɗin bindiga ba."

Ita na saya. Yanzu ina samun gwangwani jefi-jefi, kurege na kan katanga yana kallona, Baba kuwa har gobe cewa yake da mun ƙara haƙuri da mutumin ya biyo mu.

Jama'a, akwai wanda ya taɓa taya kaya a ƙasar nan aka sallama masa?