Layin Zulaihatu a Gonar Kaka Hamajoɗa

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, 21 ga Oktoban 1974, ko ɗinkin ƙaramar salla bai sha wanki ba, Allah Ya karɓi ran kakana, Malam Hamajoɗa na Wuro Bawa, gabas da Yola, bayan gajeren zazzaɓi. Labari bai iske ni a Maiduguri ba sai washegari, a bakin wani direban lori ɗan Jimeta. Kafin in iso an rufe ka, Kaka. Wannan abin yana cin raina har yau.

Ka tafi a lokacin da ba ka taɓa yarda kowa ya yi tafiya ba, wato lokacin dashen muskuwari, dawar ranin nan da ake dasawa a baƙar lakar bakin Binuwai bayan ruwa ya janye. Irin yana nan a bayan gida ya kai tsawon kamu, yana jiran hannunka. A cikinsa akwai rabon 'yata Zulaihatu, wadda aka haifa da daminar bana, wadda ba ka gani ba.

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Duk jikan da aka haifa maka, a shekarar kake buɗe masa layi nasa a gona. Kai da kanka kake soke ramukan da sandar nan mai nauyi, ka zuba ruwa da ƙoƙo, ka sa irin. In an girbe, damin kowa dabam, kuma dawar farko da ita ake dama wa yaro kunun yaye. Ba ka taɓa haɗa damin wani da na wani ba. Sai ka ɗora wa jaki ka shigo gari, ka bi Makama, ka wuce Jimeta har Rumde, kana sallama ƙofa-ƙofa kana kiran jikoki da sunan tsiya. Matan amarenka ne, kana ƙorafin ba su iya tuwo ba. Mu maza kuwa ɓarayin fura. Ni da na shiga aikin gwamnati na koma Akawu Mai Laushin Hannu, kuma ban taɓa samun bakin ramawa ba.

Na tuna ranar da aka karɓi mulkin kai, ina ɗan makaranta a Jimeta, an jera mu da tutoci a hannu. Ka tsaya a gefe har muka gama maci, ka tafa mini fiye da kowa, sannan ka kama hannuna ka ce, "To, Bature ya tafi, Allah Ya kai shi lafiya. Laka kam ba ya jiran kowa, mu je." A gona na ƙarasa bikin, tutata a soke a bakin layina. Na yi fushi ranar. Yau da za a mayar da ni can, da gudu zan je.

Da aka yi jihohi aka kwashe mu zuwa Maiduguri, ka ce nisa ba ya soke layi. Duk shekara damina yana zuwa a bayan lori. Bana kuwa, da ka ji haihuwar Zulaihatu, ka aiko cewa kai da ƙafarka za ka kawo nata, ka ga wannan sabuwar amarya, kai da ba ka taɓa kwana a wani gari da ya wuce Yola ba.

Muna zaman makoki, laka tana bushewa. Bappa Jibrilla, babban ɗanka, ya ce bai dace a ga 'ya'yan mamaci a gona ba alhali mutane suna zuwa gaisuwa daga nesa, a bari sai an watse. Ba wanda ya iya musa masa, don shi ne babba, kuma maganarsa tana kan hanya. Sai Maama Kaltume, matarka, da take takaba, ta yi magana daga bayan zana da Hausarta ta Fulani.

"Jibrilla, da babanku yana nan, da ya kore ku da sanda. Yarinyan nan in ya zo yaye, kunun wa zai sha? Ku tashi. Mai gaisuwa ya same ku a can."

Haka aka yi. Masu gaisuwa suka riƙa bin mu gona, su yi addu'a a tsaye, su naɗe ƙafar wando su karɓi ƙoƙo. Layin Zulaihatu kuwa Bappa ya miƙo mini sandarka ya ce, "Haladu, wannan naka ne." Ban san tana da nauyi haka ba. Ƙasa ta fara tsagewa, irin ya soma tsufa, ramukana sun karkace kamar sawun kaza. Ina sokawa ina jiran in ji ka a bayana kana mini tsiya, ban ji kowa ba. A nan ne kukan da ban yi ba tun Maiduguri ya zo mini.

Bayan na koma Maiduguri, Bappa ya aiko cewa kusan rabin layin ya kama. Zai isa kunu, in Allah Ya so. Za ta sha, Kaka, amma ba za ta taɓa jin ka tsaya a ƙofa kana kiranta amarya ba, kuma ban san yadda zan bayyana mata abin da ta rasa ba. Ina kewarka ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa duk bakin da ka ciyar ya zame maka shaida. Ina miƙa ta'aziyya ga Maama Kaltume, da Bappa Jibrilla da 'yan'uwansa, da jama'ar Wuro Bawa da suka tsaya mana, da mu jikoki duka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya Zulaihatu, Ya haɗa ku a Aljanna ka ganta. Amin.