Maigidan da ke Ƙarƙashin Falona

Surukina mutum ne da Allah ya ƙara wa kunne ya rage wa baki. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, amma in aka tattara duk maganar da ya taɓa yi mini ba za ta cika bayan ambulan ba. Ni kuwa an san ni, ko rediyo na zauna kusa da shi sai ya gaji ya bar mini fili. Matata kan ce Allah ne ya haɗa mu don kada dangi ya karkace.

Aikinsa sauraro ne. Ba wasa nake ba, albashin sauraro ya ci har ya yi ritaya. Shekara talatin da biyar ya yi a hukumar ruwa yana neman inda bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Kayan aikinsa guda ɗaya ne tak, sandar ƙarfe da ta kai ƙirjin mutum, an kafa mata ɗan katako a kai kamar ƙoƙo. Zai kafa tsininta a kan kwalta, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ɗora kunne a katakon, ya rufe ido. In ya ɗago sai ya zana da'ira da alli ya ce a tona. Ba a taɓa tonawa an ji kunya ba. Shi ya sa gari ya manta da sunansa na yanka, kowa sai Baba Kunne.

Yana da wasu halaye da sai ka saba. Ba ya iya cin abinci in famfo yana ɗiga, ko da a gidan maƙwabta ne. Ya taɓa gaya wa jikokinsa cewa ruwan bututu fito yake yi kamar yaro mara kunya, shi kuwa ruwan da Allah ya shimfiɗa a ƙasa numfashi yake yi. Yaran suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma a bayan ƙyaure, don dai suruki suruki ne.

Ni baƙo ne a garin, kasuwa ce ta kawo ni. Siminti da tayil nake sayarwa, kuma na yarda da hajata. In na ga ƙasa tsirara sai kunya ta kama ni, in ji kamar in rufa mata asiri da buhu biyu. Na yi shekara goma sha shida a gidan haya kafin in samu fili a wata sabuwar unguwa da aka yanka a gefen gari. Wuri shimfiɗe kamar faranti, jar ƙasa an daddaɓe ta da katafila, tituna a miƙe kamar an ja su da zare. Da na karɓi takarda sai na ɗauko Baba ya sa albarka.

Da rana tsaka muka je, ana tsananin rani. Ya sauko daga mota da sandarsa, ya taka har tsakiyar filin, daidai inda na riga na ajiye falo a cikin kaina. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ɗora kunne. Na tsaya ina jira. Na gyara hula, na duba agogo, na ƙirga bulon maƙwabci. Da ya ɗago, gefen fuskarsa da ya taɓa katakon ya jiƙe sharkaf, ɗaya gefen kuwa a bushe.

Ya ce, "Kun gaisa da maigidan?"

Na ce, "Baba, ai ni ne maigidan. Ga takarda, har da hatimi biyu."

"Tafiya ya yi. Zai dawo."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma mota ya zauna.

Washegari na yi sammako ofishin filaye, don na ɗauka wani ne ya riga ni saye. Aka buɗe fayil aka rufe, babu sunan kowa sai nawa. Sai na ce to, ko mutanen ɓoye tsohon yake nufi. Na gaya wa matata in aljani ne ya zo mu raba kuɗin wuta, tunda shi ma zai sha fanka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba bai taɓa zana da'ira an tona babu komai ba."

Ranar da ake haƙa harsashin gini, birkila ya kira ni da wata irin murya. A ƙasan ramin, bayan an wuce jar ƙasa da tarkacen tsohuwar bola, an iske baƙar laka busasshiya. Diga ta fasa wani curi, ga gaiwa a naɗe a ciki kamar an ninke ta an ajiye. Kifi, a tsakiyar rani, a inda ko kaza ba za ta samu abin jiƙa baki ba. Muna kallonta ta buɗe baki ta ja iska. Leburori biyu suka tuna suna da uzuri a gida. Baba ya zo da yamma ya sa ta a bokiti, ya lulluɓe da tsumma. Na ce, "Baba, ko ita ce maigidan?" Ya ce, "A'a. Wannan 'yar gida ce. Jiransa take."

Na yi ginina. Ɗaki uku da falo wanda ko gwamna ya shigo sai ya cire takalmi. Tsakar gida na malale ta da siminti daga bango zuwa bango, ko tsinke ba shi da wurin tsirowa. Maƙwabta suka gani suka yi sha'awa, kuma kun san shagon wa suka zo. Cikin shekara uku babu tafin hannu ɗaya na ƙasa a layinmu. In an yi ruwa sai ya bi ta kan siminti yana dube-dube kamar baƙon da ya ɓata adireshi. Shekara biyar lafiya lau. Nakan ce wa matata, "Ki gaya wa Baba, maigidan nasa ko waya bai bugo ba."

A shekara ta shida fenti ya fara kumbura a gindin bangon falo. Na kankare na sake shafawa, ya sake kumbura. Ƙofar ɗakinmu ta daina rufuwa. In ka buɗe durowa sai ka ji warin laka, irin na bakin rafi. Tururuwa suka kwashe ƙwansu suka hau silin a layi, ba su sake saukowa ba. Sannan balbelu suka zo. Ba shanu a unguwar, ba ciyawa, amma kullum da azahar sai su sauka a kan rufin gidaje, farare tas, ba motsi ba kuka. Wata rana na hau saman tankin ruwa don in gyara murfi, sai na ga yadda suka jeru. Zobe suka yi, babba, ya kewaye gidaje kusan arba'in, kowace ta juyo da kai ciki. Gidana ne a tsakiya.

A lokacin Baba ya yi ritaya, kuma abin tausayi, kunnen ya fara tafiya. Mutumin da yake jin ɗigon famfon maƙwabta, sai ka yi masa sallama uku kafin ya juyo. Amma bai ajiye sandar ba. Ya koma cizon katakon da haƙora, wai ta ƙashi yake ji. Kowane mako sai ya zo gidanmu, ya gaisa da jikoki, ya shiga falo ya tsaya a kan tayil ɗina mai tsada da ƙarfe a baki, ido a rufe. Ranar nan na dawo cin abincin rana na tarar ya ja layi biyu da alli a bango. Ɗaya a ƙauri, ɗaya daidai ƙirjina.

A ranar kunya ta ƙare mini. Na durƙusa kusa da shi na ɗaga murya, "Baba, don girman Allah, wane ne maigidan nan? In mutum ne mu je kotu, in aljani ne mu nemo malamai, in kuma bangon ne bai yi maka ba mu sake fenti."

Sai ya miƙo mini sandar. Na ƙwanƙwasa sau uku kamar yadda na ga yana yi, ina murmushi don yara suna kallo. Na ɗora kunne.

Da farko bugun zuciyata na ji. Can sai wani abu ya taso daga ƙasa, a hankali, ya ja, ya saki. Ya ja, ya saki. Kamar ƙaton mutum yana barci a ɗakin da ke ƙarƙashin naka, alhali ka san gidanka ba shi da ɗaki a ƙasa. A bayan wannan, nesa, kwaɗi suna kuka. Rana tsaka, a ƙarƙashin tayil. Ban san lokacin da murmushin ya sauka ba.

Ranar ce kaɗai Baba ya yi mini dogon zance. Ya ce, "A nan na koyi iyo. Inda kujerar nan take, nan ne zurfin. Tafki ne, duk ruwan da ya sauko daga tudun gari nan yake kwana kafin ya wuce rafi. Da za a cike shi na sa babbar riga na je ofishin masu tsara gari. Kwana uku ina zaune a benci. Na ce musu ku yi gidajenku a gefe, ku bar wa ruwa ɗakinsa, ko rabi ne. Wani mai taye ya tambaye ni takardar makarantata. Na nuna masa sanda."

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini tun ranar farko?"

"Na gaya maka."

"Baba, ka ce maigida!"

"To wa ya riga wani zuwa?"

Na mayar masa da sandarsa. Ya nuna layin ƙasa ya ce na bana ne. Ya nuna na sama ya ce na baɗi ne, in ba a ba shi wuri ba. Wurin kuwa shi ne a fasa simintin tsakar gida ƙasa ta sha iska, a rushe falo a mayar da shi rami, a buɗe hanya ta bayan layi har tsohon rafi. Falona. Na ce zan yi shawara, irin shawarar da ake yi da aljihun baya.

Damina ta sauka. A wata na uku aka yi kwana huɗu ana ruwa, a rana ta biyar gari ya washe, rana ta fito fes. Ina falo bayan la'asar ina cewa matata ta ga, an gama, bakin Baba ya sha kunya. Sai autarmu ta ce, "Abba, tayil yana gumi."

Ba ta ƙofa ruwan ya shigo ba. Ta tsakanin tayil ya fito, layi-layi, kamar ana zana gidan dara da azurfa. Babu ƙara, babu kumfa, garau da shi har kana ganin zanen tayil a ƙasa. Ya rufe tafin ƙafa, ya rufe idon sawu, sanyinsa kamar na randa. Takalmana suka taso suka nufi ƙofa tare, kamar mai su ya sallame su. A waje ba ka jin komai sai maƙwabta suna kiran sunayen 'ya'yansu. Muka hau kan kujeru muna kallon bango. Ruwan ya hau, ya hau, ya taɓa layin alli na ƙasa, ya tsaya cak. Kwana biyu ya yi a nan, sannan ya koma ta inda ya fito. Ni dai layin sama nake kallo, ina auna shi da tsayin autarmu. Ya fi ta da tafi guda.

Da rani ya shigo, ni da kaina na fara ɗaga guduma. Mai sayar da siminti yana fasa siminti, unguwa ta samu abin kallo. Wani maƙwabci ya ce, "Alhaji, ko hajar ce ta ƙare za ka sake sayar da wannan?" Na ce masa ya je ya duba bangonsa ta waje. Baba ya riga ya bi gidajen layinmu duka da allinsa, ba wanda ya tsallake. Mutum tara suka shigo cikin aikin, sauran suka ce sai sun gani. Muka haƙa hanya ta bayan gidaje har rafi, muka shimfiɗa duwatsu maimakon kankare, muka dasa itatuwa masu son ruwa a gefe. Baba yana zaune a kujera yana nuna inda za a bi da tsinin sanda. Falona ya zama rami mai zurfin mutum. Bango ɗaya kawai na bari a tsaye, mai layi biyun nan.

Baba bai ga daminar ba. Saura wata ɗaya ya kwanta, kwana uku, ya tafi shiru kamar yadda ya zauna. A wasiyyarsa ni ya bar wa sandar, ni da ban taɓa sauraren kowa har ƙarshe ba.

Ruwan ya zo a lokacinsa. Ya cika ramin, ya kwana, ya bi hanyar da muka buɗe masa ya wuce. Ko layin ƙasa bai kai ba. Ɗakunanmu uku a bushe. Yanzu baƙi a tsakar gida nake saukarsu, ƙarƙashin itace, in sun tambayi falo in nuna musu bado da ya fara fure, in ce maigida ne a ciki, mu haya muke.

Kowace safiya kafin in tafi shago nakan kafa sandar a bakin ramin, in ƙwanƙwasa sau uku, in ɗora kunne. Matata tana yi mini tsiya, wai tsufa ya zo da gado. Ban gaya mata ba, ran nan na kafa sandar, na ɗora kunne, autarmu ta kira ni na manta ban ƙwanƙwasa ba. Ina tsaye a haka, rana tana dukan ƙeyata, sai na ji daga ƙasa an ƙwanƙwasa sau uku.