Ƙirgen Hajara

Ban taɓa mantawa da ranar da sufeto ya zo auna mana littattafai ba. A shekarun farko na shari'a ne, ina malamin Hausa a wata sakandaren 'yan mata da ke wajen Zango, kuma ni ke riƙe da makullin ɗakin karatu.

Aikinsa shi ne raba littattafan labari aji-aji. Ga yadda ake awon: ɗaliba ta karanta shafi ɗaya da ƙarfi, duk kalmar da ba ta sani ba ta lanƙwashe yatsa. In yatsun hannu suka ƙare kafin shafin, littafin ya fi ƙarfinta.

Sufeto mutumin kirki ne, amma da hukuncinsa a aljihu ya zo. A ganinsa tsofaffin littattafan da muka karanta muna yara sun yi wa 'yan aji ɗaya tsauri, a kai su sito, a bar musu na zamani da ake sayarwa a kasuwa. Ni kuwa na san sitonmu. Abin da ya shiga can ya zama abincin gara.

Aka kira Hajara, 'yar aji ɗaya daga wani ƙauye kusa da Babban Mutum. Ta karanta shafin na zamani tana tuntuɓe, amma ko yatsa ɗaya ba ta lanƙwasa ba. Da aka ba ta tsohon, sai ta zuba kamar tana hira, ta lanƙwashe yatsa guda a kan kalmar sulke.

"Ka gani, Malam?" in ji sufeto. "Tsohon ya fi wuya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi tambaya. Hajara, ɗazu da kike karanta na zamanin na ga babban yatsanki yana yawo a tafin hannu. Me kike yi?"

"Ƙirgawa nake, Malam. Na ga yatsu ba za su isa ba, sai na koma gaɓa-gaɓa irin na tasbihi."

Ashe kushin da falo da ayis kirim duk baƙi ne a wurinta. Sufeto ya nuna mata taiki da akushi a tsohon littafin, ya ce waɗannan fa?

"Ai suna ɗakin kakata, Yallaɓai."

Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce shi a birni ya tashi, kunnensa ya ɗauka na kowa ne. Nan take ya ce tsofaffin su zauna a kantar aji ɗaya. Daɗin da na ji ranar, sai da na sayi ƙosai na raba wa malamai.

Tun daga nan ba na auna littafi sai na tambayi inda mai karatun ta taso. Kuma in ɗaliba tana karantawa, ba yatsunta kawai nake kallo ba, har gaɓoɓin.