Sunan da Babu a Rajista

A shekararmu ta ƙarshe jami'a ta fito da sabon tsari. Ban da takardar sakamako, ɗalibi zai iya karɓar wata takarda mai hatimi da ke nuna abin da ya yi a wajen aji: ƙungiyar da ya shiga, aikin sa kai, da abin da ya ƙware a kai. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ya ce sakataren kowace ƙungiya ne zai kawo sunaye. Ni ne sakataren tamu, kuma a lokacin ina ji da muƙamin nan kamar minista aka naɗa ni.

Ƙungiyarmu manya take koya wa karatu. Duk Asabar da safe akan je tashar motar Jabi a Abuja, gindin wata bishiya bayan masu shayi, a tara masu talla da 'yan dako. Na ce "akan je" ne don kada in yi ƙarya, ni ban cika zuwa ba. Fagena shi ne taron Laraba da ƙarfe huɗu, a aji mai fanka, inda nake zagayawa da rajista kowa ya sa hannu. Mu yi awa guda muna gardama kan launin rigar ƙungiya, mu watse.

A ƙungiyar akwai wata 'yar ajinmu, 'yar Filato, da ke zaune gidan yayarta a Kubwa. Ba ta taɓa zuwa taron Laraba ba. Ƙarfe huɗu na yi take rataya jaka ta yi bakin titi, don duk wanda ya san layin motar Kubwa da yamma ba zai ga laifinta ba. Amma ranar Asabar ita ke riga kowa zuwa Jabi, ƙaramin allo a hammata, alli a cikin ledar burodi. Ita ta gano cewa magidantan nan kunya suke ji a fara musu da baƙi ɗai-ɗai kamar 'yan firamare. Sai ta fara da sunayen garuruwan da ke rubuce a gaban motoci: Kano, Gusau, Funtuwa. Mutum ya karanta sunan garinsu da kansa, ya yi ta washe baki. Daga nan sai ta koya masa rubuta nasa sunan.

Wata Asabar na je ɗaukar hotuna, riga ta sha guga. Tana ganina ta miƙo mini alli a gaban kowa, wai Oga Sakatare ya zo, yau shi zai yi darasi. Na tsaya ina inda-inda. Ta ce a ƙyale shi, shi ɗan biro ne, alli zai ɓata masa riga. Aka kwashe da dariya, har da wani dattijo mai sayar da agoguna da tabarau, wanda sai da ya ajiye tirensa don ya dara da kyau. Wasa take yi, na sani. Amma na riƙe abin a raina.

Da lokacin kai sunaye ya yi, na buɗe rajistar Laraba na kwafe. Ta Asabar babu ita, domin ba wanda ya taɓa tunanin a sa hannu a gindin bishiya. Ina kwafewa ina sane da wadda babu. Matar da ke karɓar takardu a ofis ta duba, ta ɗago kai ta tambaye ni ko akwai wanda aka manta, don in aka buga an buga. Na ce babu, abin da rajista ta nuna ke nan. Har yau ina jin muryata tana faɗin haka, a natse, kamar ta mutumin kirki.

Ranar da aka liƙa sunaye ta same ni a bakin ɗakin karatu.

"Oga Sakatare, sunana bai fito a list ba."

Na ce ƙa'ida ce, sai wanda ke cikin rajista.

Ta ce, "To, ƙa'ida ya fi ni." Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya mini tana neman aiki a wata ƙungiya mai koyar da manya, kuma sun ce sai da shaidar cewa mutum ya taɓa yi. Ta riga ta je ofis, an ce mata in sakatare ya rubuto wasiƙa ta layi biyu za a saka ta. Na ce gobe. Goben ta zo na ce jibi, ga jarrabawa ta matso. Sau uku ta tare ni. A na ukun da na hango ta sai na canza hanya ta bayan masallaci. Ba ƙin rubutawa na yi niyya ba, so nake ta ɗan ji a jikinta tukuna. Kafin in huce an rufe karɓar takardun neman aikin, mu ma muka gama muka watse.

Tawa takardar kuwa ta fito fes, an rubuta cewa na jagoranci koyar da manya karatu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan hidimar ƙasa na shiga intabiyu, wani daga cikin masu tambaya ya ɗaga takardar ya ce in ba su labari. Ban san lokacin da bakina ya fara zuba labarin sunayen garuruwa a gaban motoci ba. Na ce "mun gano", daga baya ma na ce "na gano". Suka yi ta gyaɗa kai. Da wannan aikin nake ci da iyalina har yanzu, kuma duk lokacin da na tuna ina jin kunya ta rufe ni.

Bara na je Jabi aika saƙo Zariya. Ina jiran direba sai na ji an ce, "Ɗan biro!" Dattijon nan ne mai agoguna, furfura ta ƙaru, tiren ya koma ɗan tebur. Muka gaisa. Ya tambaye ni ina Malama, shekara da shekaru bai sa ta a ido ba. Na ce tana nan lafiya, alhali ko lambarta ba ni da ita, ban ma san ko tana Abuja ba.

Ya ce in ba shi aron birona. Ya yago murfin kwalin tabarau, ya ɗora a gwiwa, ya duƙa yana rubutu a hankali, harshe a gefen baki. Ya daɗe. Da ya gama ya miƙo mini da hannu biyu.

"Don Allah ka kai mata hannu da hannu. Ka ce ni na rubuta, ba wanda ya taya ni."

Na duba. Da manyan baƙaƙe a karkace ya rubuta: Malama ta koya mani. Ya sa sunansa a ƙasa, da sunan garinsu.

Na ce in sha Allahu. Na tambayi 'yan ajinmu, na buga lambobi biyu da aka ba ni, ɗaya a kashe, ɗaya ta wani ce daban. Kwalin yana nan cikin fayil ɗin da nake ajiye takarduna, a saman mai hatimin. Duk sanda aka ce in kawo takardu a wurin aiki, sai na fara ɗaga shi kafin in kai ga tawa.