Tiyar Malam Ɗalha

Ranar Talata, 11 ga watan Yuni, da hantsi ina kan hanyar gona aka tare ni da labari: Malam Ɗalha, mai riƙe da mabuɗin rumbun tsimin garinmu, ya rasu a gidan likita a Magaria. Mai abu ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa.

Malam, ni na fara zarginka. Shekarar da meri, wato ofishin magajin gari, ta soma kawo gero don a sayar wa talakawa da rahusa, na ga ka ajiye tiyar da komite ya ba ka, ka ɗauko ta gidanka kana awo da ita. Na ce ruwa ba ya tsami banza, har na faɗa a bakin masallaci. Da maganar ta iso maka, sai ka kira ni ka kife tasu a gabana. An bubbuge gindinta ya shige ciki, kowane awo tana cinye wa mai saye tafi guda. Ba ka kama sunan kowa ba, ka ce kawai, "Ousmane, hannun da ya yi wannan da shi muke cin tuwo." Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yau.

Daso mai marayu biyar ta san darajar tafin nan, da shi take dama kunun safe. In ta buɗe buhu kai kake auna mata, har da tozo.

Ranar sadakar uku, ko fatiha ba a shafa ba, mutum biyu na komite suka tambayi mai ɗakinka Fanna mabuɗi. Wannan na jama'a ne. Amma sai suka tambayi tiyarka, wai za a adana ta a biro, wato ofishinsu, don tunawa da kai. Jibi motar gero za ta iso, kuma hankalina bai kwanta da wannan tunawar ba.

Fanna ta ce musu ka ba da ita tun kafin a ɗora ka a amalanke zuwa gidan likita. Gaskiya ta faɗa. Ni da na zarge ka, ni ka aiko wa. Jibi zan tsaya da ita a ƙofar rumbu, kuma Daso za a fara auna wa.

Allah ya ba Fanna da 'ya'yanka haƙurin rashi. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya auna maka rahamarsa da tozo. Amin.