Shafi na Ɗari da Sha Huɗu

Shekara talatin da biyar Bhanwarlal Dhaka ya yi yana koyar da tarihi a sakandaren gwamnati ta Ratanpura a ƙasar Indiya, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa canja masa wurin aiki ba. Da wannan yake taƙama, kamar yadda wasu ke taƙama da 'ya'ya.

A aji, zaki ne. Idan ya kai kan juyin juya halin Faransa har alli yake karyawa. Ya san ranar da talakawan Rasha suka fusata, ya san sunan kowane kurkuku da Turawa suka cika da 'yan neman 'yancin Indiya. "Mutumin da bai iya cewa a'a ba gawa ne," haka yake gaya wa ɗalibai yana dukan tebur. Da an ji ƙarar motar sufeto a ƙofar makaranta kuwa, sai muryar ta koma ta mai neman alfarma.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne liƙi. A jiharmu, duk gwamnatin da ta hau sai ta aiko da takarda cewa shafi kaza da shafi kaza na littafin tarihi ba su dace da yara ba, a rufe su da farar takarda kafin a buga sabo. Sauran malamai kan yi gunaguni. Masta-ji, kamar yadda kowa ke kiransa, sai ya naɗe hannun riga. Ya gano cewa idan aka dama fulawa ruwa-ruwa aka liƙe da ita, bayan shekara biyar, in waɗanda aka kayar a zaɓe sun dawo mulki, tururin butar shayi ya isa ya ɓamɓare takardar.

"Tarihi ba ya mutuwa, hutu yake tafiya," ya kan ce a ɗakin malamai. Ya ɗauki wannan a matsayin hikima, kuma babu wanda ya damu ya gyara masa.

Ubansa, Ramkaran, bai taɓa shiga aji ba. Yana cikin manoma biyar da aka harbe a masussukar ƙauyensu shekara guda kafin Turawa su tafi, ranar da suka ƙi miƙa wa Takur, mai gonakin yankin, rabin geronsu. Lokacin Bhanwarlal yana ciki. Fiye da shekara hamsin babu littafin da ya ambaci abin, sai gwamnatin da ta wuce ta saka shi a littafin aji goma, layi shida a shafi na ɗari da sha huɗu, da sunayen mutum biyar ɗin. Masta-ji ya saya wa uwarsa nata kwafin. Tsohuwa Dhapu ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta haddace wurin: suna na uku, a layi na ƙarshe. Kullum da safe, bayan ta gama gasa gurasar gero, sai ta goge hannu, ta buɗe, ta ɗora yatsa a kai na ɗan lokaci. Wurin har ya yi baƙi.

Saura wata takwas ya yi ritaya aka yi zaɓe, jikan Takur ya sami kujera a sabuwar gwamnati. Takarda ta zo da jerin shafukan da za a rufe, na ɗari da sha huɗu ne a sama. Tare da ita aka aiko da gwangwanin farin gam na kanti. Raɗe-raɗi kuma ya bazu cewa ana rubuta sunayen malaman da za a tura ƙauyukan bakin iyaka, inda ruwan sha ma sai tanka ta kawo.

Kwana uku Masta-ji bai iya cin abinci ba. Ba shafin ke damunsa ba, sunansa ne. Duk wanda ya duba layi na ƙarshe zai ga Dhaka, ya waiwayo ya ga wani Dhaka riƙe da alli.

Matarsa Kesar ta gan shi yana zura littafin tsohuwa a jaka.

"Ina za ka kai shi? Takardar ta ce littattafan makaranta. Wannan na gida ne."

"Ke ba ki san siyasa ba. In wani ya kai tsegumi cewa ina ɓoye shi fa?"

"Wa zai leƙa ƙarƙashin matashin Maa-sa, mahaifiyarka? Kai dai kullum sai ka fi mai ƙora shafawa."

"Shekara biyar ce kawai. Shafin zai buɗu."

Ranar da sufeto ya zo, Masta-ji ya jera littattafai tamanin a tebur, duk a liƙe. Sannan ya ciro na tamanin da ɗaya, ya buɗe shi a gaban baƙon.

"Sahab, ranka ya daɗe, wannan na gidana ne. Mahaifina yana ciki. Amma doka ba ta san uba ba."

Da ya yi niyyar amfani da fulawarsa, to amma a gaban Sahab ai sai gam ɗin gwamnati. Ya lafta shi da yawa, ya danne da tafin hannu. Sufeto yana shan shayi yana duba agogo.

"Madalla, Masta... me ma sunanka?"

Ashe mutumin bai ma san da shi ba. Daga baya akawun makaranta ya gaya masa cewa ba a taɓa canja wa wanda ya rage masa ƙasa da shekara ɗaya wurin aiki ba, ƙa'ida ce tun fil azal. Mutumin da ya haddace tsarin mulkin ƙasashe bakwai bai karanta wannan ba.

Washegari tsohuwa ta gama gurasa, ta goge hannu, ta buɗe littafi. Yatsanta ya sauka a kan farar takarda.

"Bhanwar, ina ubanka?"

"Yana ƙasa, Maa-sa. Rufewa kawai aka yi. Da gwamnati ta canja zan buɗe miki."

"Yaushe ke nan?"

"Shekara biyar."

"Ka dube ni da kyau, ka ga shekara biyar a jikina?"

Kunya ta kama shi, karo na farko da aka taɓa jin labarin hakan. Ya ɗora buta, ya kara shafin a bakin tururi kamar yadda ya saba. Takardar ta jiƙe, ta yi laushi, gam ya ƙi saki. Ya sa farce ya ja a hankali. Farar takardar ta taso, ta kwaso rubutun gaba ɗaya a bayanta, ta bar huji a tsakiyar shafin.

Ya tsaya da guntun a hannu, ya fara bayani: laifin gam ne, umarni ne daga sama, shi ma'aikaci ne kawai.

Tsohuwa ta karɓi littafin, ta rufe, ta mayar ƙarƙashin matashi.

"Na sani, ɗana," ta ce. "Waɗanda suka harbe shi ma aiki aka sa su. Sai dai su a masussuka suka tsaya, ba su biyo shi har gida ba."